Tantance Waɗanda Ake Naɗawa Muƙaman Gwamnati A Najeriya: Abin Da Doka Ta Ce Da Yadda Ake Yi

Tantancewa ita ce binciken da ake yi wa mutum kafin a damƙa masa muƙamin gwamnati, domin a san ko shi wane ne, da abin da ya karanta, da inda ya yi aiki, da dukiyar da ya mallaka, da kuma ko akwai wani tabo a tarihinsa da zai hana a ba shi amanar jama'a. Abin ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa, wanda ba ya miƙa makullin shago ga yaron da bai san gidansu ba, sai an samu wanda ya tsaya masa. Bambancin kawai shi ne, abin da ake miƙa wa minista ko shugaban hukuma ba na wanda ya naɗa shi ba ne, na al'umma ne baki ɗaya.

A Najeriya babu wata doka guda da ta tattara sharuɗɗan wannan bincike. Wasu suna cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, wasu a dokokin da suka kafa hukumomi daban-daban, saura kuwa al'ada ce da Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Dattawa suka saba bi. Yawancin gardamar da ake yi a duk lokacin da aka fitar da jerin sunaye tana tasowa ne daga rashin rarrabe waɗannan ukun.

Muƙaman da sai Majalisa ta amince

Sashe na 147 na kundin ya ce Shugaban Ƙasa ne ke naɗa ministoci, amma naɗin ba ya tabbata sai Majalisar Dattawa ta amince. Dole a samu aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Idan aka aika wa Majalisa suna ta yi shiru har kwana 21 na aiki, ana ɗauka naɗin ya tabbata. A jihohi, sashe na 192 ya ɗora irin wannan nauyi a kan Majalisar Dokokin Jiha game da kwamishinoni, wa'adinta kuwa kwana 15 ne na aiki. Gyaran da aka yi wa kundin a 2023 ya ƙara da cewa Shugaban Ƙasa da gwamnoni su miƙa sunayen cikin kwana 60 da shan rantsuwa. Ba a rasa dalili ba: a 2015 an rantsar da Shugaba Muhammadu Buhari ranar 29 ga Mayu, amma ministocinsa ba su kama aiki ba sai 11 ga Nuwamba.

Bayan ministoci, akwai jakadu, da Alƙalin Alƙalai da sauran alƙalan Kotun Ƙoli, da Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, da shugabanni da mambobin hukumomin da kundin ya kafa da kansa, irin su hukumar zaɓe ta INEC da Hukumar Ƙidaya da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Gwamnan Babban Banki da shugaban hukumar EFCC su ma suna zuwa gaban Majalisa, domin dokokin hukumominsu sun ce a yi haka.

Akwai kuma manyan kujerun da ba sa bi ta wannan ƙofa ko kaɗan. Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, da Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, duk sanarwa kawai ake yi su kama aiki, alhali wasunsu sun fi ministoci da yawa ƙarfin faɗa a ji. Haka ma ɗaruruwan kujerun hukumomin gudanarwa na ma'aikatu da cibiyoyi. A watan Disambar 2017 Fadar Shugaban Ƙasa ta fitar da dogon jerin waɗanda aka naɗa irin waɗannan kujeru, sai aka tarar da sunayen mamata a ciki, har da Sanata Francis Okpozo wanda ya rasu tun 2016. Fadar ta ce jerin tsoho ne da aka haɗa tun da jimawa. Ko ma dai yaya ne, jerin da ya fita da sunan wanda ke kabari ba a ce an tantance shi ba.

Mafi ƙarancin abin da ake nema ga minista

Kundin bai tsara wa minista wasu sharuɗɗa na musamman ba. Abin da ya ce shi ne, ba za a naɗa mutum ba sai ya cancanci tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Wato ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25 (a da 30 ne, gyaran 2018 ya rage), kuma ya yi karatu zuwa matakin kammala sakandare ko makamancinsa. Sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anar wannan mataki ƙwarai, har ya shigar da mai takardar firamare idan ya yi aiki na shekara goma, ya halarci kwasa-kwasai, kuma yana iya karatu da rubutu da Turanci. Antoni Janar ne kaɗai aka ware a cikin ministoci, shi dole ya zama lauyan da ya shekara goma da samun izinin aiki.

Abubuwan da ke hana mutum suna sashe na 66. Daga ciki akwai wanda hukuma ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda ke ƙarƙashin hukuncin kisa ko na ɗauri saboda zamba ko rashin gaskiya, da wanda aka samu da irin wannan laifi ko da karya dokar ɗa'ar ma'aikata cikin shekara goma da suka wuce, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya gabatar wa hukumar zaɓe takardar bogi. Akwai kuma batun karɓar zama ɗan wata ƙasa, sai dai kotuna sun fassara cewa wannan bai hau kan wanda yake ɗan Najeriya ta hanyar haihuwa ba.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, zargi ba hukunci ba ne. Mutum na iya samun shari'a a gaban kotu, ko fayil a hukumar EFCC, amma muddin ba a yanke masa hukunci ba, kundin bai hana shi ba. Majalisa na iya ƙin amincewa da shi don ra'ayinta, amma ba tilas ba ne a kanta. Na biyu, doka ba ta nemi digiri ba. Abin mamakin shi ne, kusan duk manyan da takarda ta kayar, ta kayar da su ne a kan shaidar da babu wanda ya tilasta musu kawowa.

Hannun jami'an farin kaya

Kafin suna ya isa zauren Majalisa, ko a daidai lokacin da ya isa, hukumar tsaro ta farin kaya, wadda aka fi sani da DSS, takan gayyaci mutumin. An kafa hukumar a 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da aka rusa tsohuwar hukumar NSO aka raba aikinta gida uku. Wanda aka gayyata yakan cike takardu a kan asalinsa da iyalinsa da makarantun da ya yi da wuraren da ya yi aiki, ya miƙa takardun shaidarsa, a yi masa tambayoyi, sannan hukumar ta rubuta rahoto. Rahoton na sirri ne. Ba a wallafa shi, kuma sau da yawa wanda aka rubuta a kansa ba ya ganinsa, balle ya kare kansa.

Rahoton shawara ce, ba hukunci ba, amma nauyinsa ya danganta da yanayin siyasar lokacin. Ibrahim Magu ya zama muƙaddashin shugaban EFCC a Nuwambar 2015. Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi a Disambar 2016, aka sake aika sunansa, ta sake ƙi a Maris na 2017, duk tana kafa hujja da rahoton DSS. Fadar Shugaban Ƙasa ta bar shi a kan kujerar, har ma aka ji daga ɓangarenta cewa sashe na 171 bai wajabta kai irin wannan naɗi gaban Majalisa ba. Magu ya ci gaba da riƙon ƙwarya har zuwa Yulin 2020 da aka dakatar da shi. Hukuma ɗaya ta gwamnati ta ce mutum bai dace ba, Majalisa ta bi bayanta sau biyu, amma ya shafe fiye da shekara uku bayan haka yana jagorantar yaƙi da cin hanci. Wannan ya nuna inda ƙarfin tantancewar ya tsaya.

A Agustan 2023 abin ya zo ta wata fuskar. Shugaba Bola Tinubu ya aika sunaye 48, Majalisa ta tabbatar da 45 a ranar 7 ga wata, ta jingine uku da cewa ana jiran rahoton tsaro: tsohon Gwamnan Kaduna Malam Nasir El-Rufai, da Stella Okotete daga Delta, da Abubakar Danladi daga Taraba. Ba a taɓa bayyana wa jama'a abin da rahoton ya ƙunsa ba, kuma daga baya El-Rufai ya ce ba tsaro ne ya hana shi ba, ra'ayi aka sauya a sama. Tunda ba a ga takardar ba, kowa sai ya riƙe abin da ya fi kwanta masa a rai.

A zauren Majalisa

Ministoci a gaban sanatoci baki ɗaya suke bayyana, sauran muƙamai kuwa yawanci kwamitin da abin ya shafa ake miƙa wa, shi ya kawo rahoto. Ana raba wa sanatoci tarihin rayuwar mutum da kwafin takardunsa, da shaidar biyan haraji wadda aka saba neman ta shekara uku, da shaidar bayyana kadarori. Duk ɗan ƙasa na iya rubuta ƙorafi, kuma akwai kwamitin ɗa'a da ƙorafe-ƙorafen jama'a da ke duba su. An kuma saba neman goyon bayan biyu daga cikin sanatoci ukun jihar mutum, amma wannan al'ada ce, an sha tsallake ta.

Al'adar da ta fi jawo surutu ita ce ta "rusuna ka wuce". Tsohon sanata ko tsohon ɗan majalisa ba a cika yi masa tambaya ba, sai ya gabatar da kansa, ya sunkuya gaban sandar Majalisa, ya fita. A hankali aka riƙa faɗaɗa alfarmar har ta kai ga mata da tsofaffin gwamnoni da duk wanda wani babba ya nema wa. Ga kuma wata matsalar: sunayen kan zo ba tare da an faɗi ma'aikatar da za a ba kowa ba. Sai a yi wa likita tambayoyi a kan asibiti, bayan mako biyu a ji an ba shi wata ma'aikatar da ba ta da alaƙa da lafiya.

Majalisa kan ƙi mutum, amma ba kasafai ba. A Yulin 2021 ta ƙi Lauretta Onochie a matsayin kwamishinar INEC. Kundin ya ce mai wannan kujera kada ya zama ɗan jam'iyya, kuma a kan haka ne jama'a suka yi ta ƙorafi, sai dai dalilin da kwamitin ya bayar shi ne na raba daidai, wai jiharta ta Delta tana da wata a hukumar. A 2017 kuma ta ƙi tsohon alƙali Sylvanus Nsofor, mai shekara 82, a matsayin jakada, bayan ya ƙi amsa wasu buƙatun kwamiti. Aka sake aika sunansa, ta amince, ya tafi Amurka. Shi jakada ma akwai sauran mataki a gabansa, domin yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ba ƙasar da za a tura shi damar ƙin karɓarsa ba tare da ta faɗi dalili ba.

Takardun makaranta da na yi wa ƙasa hidima

Nan ne tsarin ya fi yoyo. Tun farkon wannan jamhuriya, a Yulin 1999, Shugaban Majalisar Wakilai Salisu Buhari ya sauka bayan mujallar The News ta bankaɗo cewa bai yi Jami'ar Toronto da ya ce ya yi ba, kuma shekarunsa ba su kai ba. Shi zaɓaɓɓe ne, amma abin da ya biyo baya ga naɗaɗɗu bai sha bamban ba.

Shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemi takardar kammala hidima ko ta yafewa daga duk mai digiri ko babbar difloma. Ana yafe wa wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu, da wanda ya yi aikin soja ko ɗan sanda fiye da wata tara, da wasu ƙalilan. A Yulin 2018 jaridar Premium Times ta ruwaito cewa takardar yafewar Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta jabu ce. Ta yi murabus ranar 14 ga Satumba, ta ce ba ta san takardar ba ta gaskiya ba ce, kuma ta tuna wa jama'a cewa da ita aka tantance ta a Majalisar Dokokin Ogun a 2011, da ita kuma ta wuce DSS da Majalisar Dattawa a 2015. Wato takarda ɗaya ta ratsa ƙofa uku. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hidimar ba ta hau kanta ba tun farko, kuma takardar NYSC ba ta cikin sharuɗɗan zama minista. Ƙaramin ma'aikaci mai mataki na takwas ba zai samu aiki ba sai da ita, amma wanda zai shugabanci ma'aikatar ba ya buƙatarta.

A Oktoban 2025 Ministan Ƙirƙira da Kimiyya da Fasaha, Uche Nnaji, ya ajiye aiki bayan wannan jarida ta tayar da tambaya a kan digirinsa na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka da takardarsa ta hidima. Ya ce saukarsa ba amsa laifi ba ce. A dukkan waɗannan, 'yan jarida ne suka yi abin da ya fi sauƙi, wato tuntuɓar makarantar ko hukumar da aka ce ta ba da takardar, kuma sun yi shi ne bayan mutumin ya riga ya shiga ofis.

Bayyana kadarori

Wannan shi ne sharaɗin da ya haɗa minista da ƙaramin ma'aikaci. Sashe na 149 ya hana minista kama aiki sai ya bayyana kadarorinsa da basussukansa, sannan ya sha rantsuwa. Jadawali na biyar na kundin ya wajabta wa kowane jami'in gwamnati ya cike fom ɗin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da zarar ya hau kujera, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar da zai sauka, ya haɗa da dukiyar 'ya'yansa da ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba. Hikimar ita ce a kwatanta abin da ya shigo da shi da abin da ya fita da shi. Duk abin da ya ƙaru wanda albashi ko kyauta ko rancen da doka ta yarda da su ba su bayyana shi ba, ana ɗauka ta haramtacciyar hanya ya zo har sai mai shi ya nuna akasin haka.

Jadawalin ya kuma hana Shugaban Ƙasa da gwamnoni da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje, ya hana jami'i mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma. Ɗan kasuwar da aka yi wa tayin kwamishina ya kamata ya san haka tun kafin ya amsa: hannun jarinsa na nan, amma tafiyar da kamfanin sai ya sakar wa wani. Wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta samu da laifi na iya rasa kujerarsa, a hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara goma, a kuma ƙwace dukiyar.

Shari'ar da ta fi kowace girma a wannan fage ita ce ta Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen, wanda aka dakatar a Janairun 2019, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, kotun ta same shi da laifin ƙin bayyana wasu asusu a Afrilun shekarar. A Nuwambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin bayan sulhu tsakaninsa da Gwamnatin Tarayya. Masu ganin an yi amfani da dokar ne don siyasa da masu ganin an yi daidai har yau ba su jitu ba.

Fom ɗin da kansa a kulle yake. Kundin ya ce hukumar ta bar 'yan ƙasa su duba bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta tsara, hukumar kuwa ta sha mayar da masu nema, har da waɗanda suka zo da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, da cewa ba a tsara sharuɗɗan ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya wallafa nasa a 2007 don raɗin kansa, ba don doka ta sa shi ba. Maƙwabcin da ya san gidaje nawa mutum ya gina, wanda shi ne zai fi saurin gane ƙarya, ba shi da hanyar ganin abin da aka rubuta.

Alƙalai da manyan sakatarori

Alƙalai suna da tasu hanyar. Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, NJC, ita ke tace sunaye ta miƙa wa Shugaban Ƙasa ko gwamna, kuma mai neman Kotun Ƙoli sai ya shekara 15 yana lauya. Majalisar ta sha ba da shawarar yi wa alƙalai ritayar dole bayan an gano sun rage shekarun haihuwarsu, kuma a 2025 ta soma wallafa sunayen waɗanda ake shirin naɗawa domin jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu kafin a yanke shawara.

Manyan sakatarorin tarayya ba sa zuwa Majalisa, amma ana iya cewa siraɗinsu ya fi na ministocin da za su yi wa aiki tsauri. Daraktan da ke neman kujerar sai hukumomin tsaro da na yaƙi da rashawa sun duba fayil ɗinsa, sannan ya zauna jarrabawar rubutu, ya yi gwajin sarrafa kwamfuta, ya fuskanci tambayoyin baka, kuma a kowane mataki ana zubar da waɗanda suka gaza. Sunayen waɗanda suka tsira ne ake kai wa Shugaban Ƙasa ya zaɓa, bisa gurbin jihar da ya buɗe.